Daga Kano Zuwa Shanono: Tsuntsayen Gona da Masu Ƙirga Su

Ƙaramar Hukumar Shanono tana yammacin Jihar Kano, a kan iyaka da Jihar Katsina, tana maƙwabtaka da Gwarzo da Bagwai da Tsanyawa. Faɗinta murabba'in kilomita 697 ne, ƙidayar 2006 kuma ta ba ta mutane 140,607, wato kimanin mutum 200 a kowane murabba'in kilomita, adadin da ya ƙaru sosai daga wancan lokaci zuwa yau. Sunanta ba ya cikin jerin wurare 27 da masana suka ware a Nijeriya a matsayin muhimman matattaran tsuntsaye, jerin da ya ƙunshi dajin Falgore a kudancin Kano da fadamun Haɗeja da Nguru, don haka ba kasafai mai sha'awar kallon tsuntsaye yake ɗaura niyyar zuwa can ba. Duk da haka tafiyar tana da riba, domin irin wannan ƙasar noma ita ce mafi yawan ƙasar Hausa, kuma a cikinta ne tsuntsayen da jama'a suka sani da suna suke rayuwa ko suke ƙarewa, ba tare da shinge ko mai gadi ko allon gargaɗi ba.

Matafiyin da ya yi sammako daga birnin Kano a watan Disamba yakan fita ta Kabuga, ya wuce sabon mazaunin Jami'ar Bayero da Rimin Gado, ya bi titin Gwarzo na kimanin kilomita 70 cikin hazo da sanyin hunturu, sa'an nan ya karkata arewa zuwa Shanono. Tun daga bayan gari har ya isa da wuya idonsa ya sauka a kan daji na gaske, domin gona ce ke bin gona, ƙauye yana hangen ƙauye, an girbe gero da dawa an jingina kara a gindin itatuwa, an ɗora harawar wake da ta gyaɗa a kan rassa da rufin ɗakuna don kada awaki su kai gare ta. Abin da ya hana wannan ƙasa zama fili fetal shi ne itatuwan da aka bari tsaye a tsakiyar gonaki, kowanne da mai shi: ɗorawa da kuka da tsamiya da kanya da gawo da aduwa, giginya a gefen rafi, darbejiya a ƙofar gidaje. Masana labarin ƙasa suna kiran wannan shimfiɗa yankin Kano mai cunkoson jama'a, wato ƙasar da ake nomawa kowace shekara ba a barin ta saura, sai dai a raya ta da takin dabbobi da sharar gida. Michael Mortimore, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya kafin ya koma Jami'ar Bayero, ya fara nazarinta a shekarun 1960, kuma binciken da shi da abokan aikinsa suka yi daga baya ya nuna cewa manoman kewayen Kano sun riƙe itatuwan gonakinsu har a shekarun fari, alhali dazuzzukan da ba su da takamaiman mai su ne suka fi ƙarewa a murhu. Heinrich Barth, Bajamushen da ya yi tafiyarsa da sunan Abdulkarim, ya shigo Kano daga Katsina a watan Fabrairun 1851, ya kuma yaba kyan gonakin lardin da inuwar itatuwansu, abin da ke nuna cewa tsarin ya girmi zamanin Turawa nesa ba kusa ba.

Kafin hantsi ya ɗaga, mai lura zai iya rubuta sunayen tsuntsaye masu yawa ba tare da ya yi nisa da bakin hanya ba. Kurciya da bardo suna kiwo a inda aka yi sussuka, hasbiya tana kan katangun gari, hankaka da shirwa suna shawagi a kan juji, balbela tana bin sawun shanun Fulani da aka saki a gonakin da aka girbe, cilakowa tana tashi daga itace zuwa itace, tsirya tana kai-kawo a kan manyan rassa, ragon maza yana sanɗa a cikin shinge, fakara kuma ana jin kukanta fiye da yadda ake ganinta. Waɗanda ba a gani su ne suka fi ɗaga hankali. Burtu, wanda maharba suke ɗaura kansa a goshi su yi rarrafe su kusanci nama, ya koma sai a gandun daji; tuje ya yi nisa; gauraka, mai tukku kamar kambin sarauta, wadda ake ɗauka a matsayin tsuntsuwar ƙasa ta Nijeriya, ta kusa ƙarewa a dazuzzukan ƙasar baki ɗaya saboda busar da fadamu da kamun da ake yi mata don kiwo a gidajen masu hali.

Ɗaya daga cikin ƙungiyoyin da suka daɗe suna bibiyar wannan al'amari a Nijeriya ita ce Gidauniyar Kiyaye Muhalli ta Nijeriya, wadda aka fi sani da NCF, ƙungiya mai zaman kanta da ba ta neman riba, wato wadda take gudana da gudummawar mambobi da masu tallafi, duk abin da ta samu kuma a aikin yake ƙarewa. Cif Shafi Lawal Edu ne ya jagoranci kafa ta a 1980, aka yi mata rajista a 1982, hedkwatarta tana Lekki a Legas inda ta buɗe wani gandu mai hekta 78 a 1990. Ita ce wakiliyar Nijeriya a BirdLife International, gamayyar ƙungiyoyin kare tsuntsaye ta duniya da ta samo asali a 1922, mai ofishi a Kambirij ta Ingila da abokan aiki a ƙasashe fiye da 100. Ɗaya daga cikin manyan ayyukan NCF a Arewa shi ne shirin kare fadamun Haɗeja da Nguru da aka fara a 1987 tare da ƙungiyar RSPB ta Birtaniya, wadda mata ne suka kafa ta a 1889 don yaƙi da cinikin gashin tsuntsaye da ake ƙawata huluna da shi. Albarkacin wannan aiki da na hukumomi, tafkin Nguru da mashigin Marma suka zama wuri na farko a Nijeriya da aka sanya cikin jerin Ramsar a 2000, wato jerin dausayin da ƙasashen duniya suka yi yarjejeniyar kiyayewa. Aiki ne abin yabo, amma duk wanda ya tsaya a gonar Shanono zai ga iyakarsa a fili: tsarin keɓe gandu yana amfani ne inda akwai filin da za a keɓe, a nan kuwa kowane taƙi na ƙasa gadon wani ne.

Hanyar da ta fara shigo da irin wannan ƙasa cikin lissafi ta fito ne daga Cibiyar Nazarin Tsuntsaye ta A. P. Leventis, wadda aka kafa a 2001 a Laminga kusa da Jos, a gefen dajin Amurum, bisa haɗin gwiwa da Jami'ar Jos da NCF, kuma ta horar da ɗalibai masu yawa daga ƙasashen Afirka ta Yamma har zuwa digiri na biyu. A ƙarshen 2015 cibiyar ta ƙaddamar da shirin taswirar tsuntsayen Nijeriya, wanda manufarsa ita ce a san wane tsuntsu ne yake ina, a wane wata, daga cikin nau'o'i fiye da 900 da aka taɓa gani a ƙasar. An yanka taswirar Nijeriya zuwa ƙananan murabba'ai fiye da 11,000, kowanne kimanin kilomita 9 a tsaye da 9 a kwance. Ɗan sa-kai yakan shiga murabba'i guda ya yi aƙalla awa 2 yana zagaya gona da fadama da gari, yana rubuta duk nau'in da ya gani ko ya ji kukansa a manhajar waya mai suna BirdLasser, sa'an nan ya aika a tantance a zuba cikin rumbun bayanai da kowa zai iya dubawa. Matasan Arewa sun kafa tawagarsu a cikin shirin, mai suna Arewa Atlas Team. Hikimar tsarin ita ce ba ya fifita gandun daji a kan gonar gero, domin kowane murabba'i daraja ɗaya gare shi, kuma rashin ganin tsuntsu a wuri shi ma bayani ne idan an maimaita ziyara shekara bayan shekara. In an yi lissafi da faɗin ƙasa, Shanono ba ta wuce kimanin murabba'i 8 ba, aikin da mutum biyu masu babur za su iya zagayawa a mako guda.

Baƙon da ya zo da madubin hangen nesa da littafi a hannu ba ya faɗa wa gonakin mutane kai tsaye. Yakan fara da ƙofar dagaci ko mai unguwa, ya cire takalmi ya yi "ranka ya daɗe", ya bayyana abin da ke tafe da shi, a haɗa shi da ɗan gari. Wannan ladabi ne tun asali, yanzu kuma ya zama tilas, tunda wasu ƙauyukan Shanono da ke bakin iyakar Katsina sun sha hare-haren 'yan bindiga a 2025, kuma baƙuwar fuska mai leƙen itatuwa tana iya jawo zargi. Ribar bin ta ƙofa ta wuce ta tsaro, domin dattijon da ya yi shekara 60 yana noma gona ɗaya ya san shekarar da fakara ta fara ƙaranci da itacen da shamuwa ta daina sauka a kansa, ilimin da babu wata manhaja da ta tattara shi.

Wurin da ya fi cancantar a daɗe ana tsayuwa shi ne gindin gawo. Wannan itace yana da ɗabi'ar da ta saɓa wa sauran, domin yakan kaɗe ganyensa da damina ya bar rana ta sauka a kan shuka, sa'an nan ya yi kore shar da rani ya yi fure lokacin da ƙasa ta bushe; saiwarsa tana ƙara wa ƙasa sinadarin naitirojin, ganyen da ya zubar yana zama taki, 'ya'yansa kuma abincin dabbobi ne a lokacin da ciyawa ta yi wuya, shi ya sa hatsin da ke ƙarƙashinsa yakan fi na tsakiyar gona kyau. Manomi ya bar shi ne don waɗannan dalilai, amma furensa da ganyensa na rani suna tara ƙwari da tsutsotsi a daidai watannin da ƙananan tsuntsayen Turai suke iso wa ƙasar Hausa bayan sun ƙetare Bahar Rum da hamadar Sahara. Gawo ga waɗannan baƙi kamar zango yake ga fatake, inda ake sauke kaya a ci a sha a tara guzurin komawa. Binciken da Leo Zwarts da abokan aikinsa daga Holan suka yi a faɗin Sahel, inda suka ƙirga tsuntsaye itace bayan itace, ya nuna cewa baƙin suna da zaɓe ƙwarai: suna taruwa a itatuwa masu ƙaya irin su gawo da aduwa da danginsu, suna ƙaurace wa darbejiya da turare da kaɗanya, waɗanda ganyensu ba ya tara ƙwarin da suke ci. Wannan sakamako yana da nauyi ga masu shirya gangamin dashen itatuwa, domin ana iya cika gari da darbejiya a samu inuwa mai kyau, tsuntsun da ya yi tafiyar dubban kilomita kuma ya rasa abin sawa a baki.

Turawa sun gane wannan alaƙa ne ta hanyar asara. Akwai wani ɗan tsuntsu mai farin maƙogwaro, nauyinsa kimanin giram 15, wanda yake ƙyanƙyasa a shingayen gonakin Ingila ya yi hunturu a Sahel. A bazarar 1969 masu ƙidayar sa-kai na can suka tarar fiye da kashi 2 cikin 3 na adadinsa bai dawo ba, kuma da aka bi sawu sai aka gano cewa ƙarancin ruwan da aka yi a Sahel a 1968, mafarin farin da ya kai ga yunwar 1973, shi ne sanadi. Ba don akwai mutanen da suke ƙirga tsuntsayen unguwarsu kowace shekara ba, da babu wanda zai lura. Wannan shi ne dalilin da ya sa ƙungiyoyin Turai suke kashe kuɗi a Afirka ta Yamma, kuma babu laifi a faɗe shi ƙarara, tunda manomin Shanono da ya bar gawo yana yi musu aikin da ba su biya shi ba.

Barazanar da ke kan itatuwan gona a yau sananniya ce ga duk mai bin hanyar, domin yakan ci karo da buhunan gawayi da lodin itacen girki da suka nufi birni. Gonaki suna ƙanƙancewa da rabon gado, garmar shanu da tarakta ba sa barin tsiro, makiyaya suna sassare rassan gawo da rani fiye da kima, maganin feshi na ciyawa da na ƙwari kuma yana rage abincin tsuntsaye. Manyan itatuwan da ake gani tsofaffi ne, abin tambaya shi ne 'ya'yan da za su gaje su. Maganin bai yi nisa ba, yana ƙetaren iyaka a jihar Maraɗi ta Nijar, inda tun 1983 aka farfaɗo da dabarar da manoma ke kira sassabin zamani, wato a lokacin sharar gona a zaɓi tsiron da ya fito daga tsohon kututture a gyara shi a bar shi ya girma maimakon a sare a ƙone. Ta wannan hanya, ba tare da gandun renon itatuwa ko ban-ruwa ba, kudancin Nijar ya mayar da itatuwa kimanin miliyan 200 a fili mai hekta miliyan 5, kuma gawo yana cikin waɗanda suka fi yawa.

A cikin garin Shanono, kamar a sauran garuruwan Arewa, wurin da ya kamata mai ziyara ya leƙa shi ne mahauta ranar kasuwa. Duk wanda ya haura shekara 40 ya taso yana ganin ungulu jere a kan rassan tsamiya da rufin rumfuna tana jiran a watsar da tumbi, har Bahaushe ya ce ba ta jewar banza. Yau yaro yana iya kammala firamare bai taɓa ganinta ba sai a karin magana. A 2015 Ƙungiyar Kiyaye Halittu ta Duniya, IUCN, ta sanya ungulun gari a matakin haɗari mafi tsanani, wanda daga shi sai ƙarewa. Wani nazari da Darcy Ogada da abokan aikinta suka wallafa a kan ungulayen Afirka ya danganta kashi 61 cikin 100 na mace-macen da aka rubuta da guba, kashi 29 kuma da cinikin sassan jikinsu don magani da tsafi, kasuwancin da Nijeriya take cikin manyan cibiyoyinsa duk da dokar kare dabbobin da ke fuskantar ƙarewa ta 1985 da aka yi wa gyara a 2016. Ungulu ba ta da farin jini, amma ruwan cikinta yana da ƙarfin da yake kashe ƙwayoyin cuta na mushe, kuma takan cinye shi kafin ya ruɓe. Indiya ta ɗanɗani rashinta a shekarun 1990, lokacin da wani maganin shanu mai suna diklofenak ya kashe fiye da kashi 95 cikin 100 na wasu nau'o'inta, mushe ya yi yawa, karnukan sake suka ƙaru tare da cutar haukan kare, har gwamnati ta haramta ba dabbobi maganin a 2006. A wannan fage NCF ta bi hanyar da ta dace, domin maimakon ta tsaya a kan barazanar kamu, ta zauna da masu maganin gargajiya tana ƙarfafa su su koma ga tsirrai a madadin sassan ungulu. Mahauta da sarkin fawa su ne ya kamata su biyo baya a wannan zama, tunda su suka fi kowa sanin shekarar da ta ɗauke ƙafa.

Wanda ya sake komawa Shanono a ƙarshen Afrilu ko farkon Mayu zai ga shaidar cewa kiyaye tsuntsu ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Shamuwa takan iso daga kudanci da gabashin Afirka gab da faɗuwar ruwa, ta yi sheƙa a itatuwan tsakiyar gari, ta yini tana cin fara da tsutsa a gonaki, ta tashi bayan kaka, kuma yaron da ya ɗaga mata danƙo yakan sha faɗa wurin manya. Ba dokar gwamnati ce ta tsare ta ba, mutunci ne da aka gada.

Hanyar komawa Kano ta Bagwai tana bi kusa da madatsar ruwa ta Watari, wadda aka gina a ƙarshen shekarun 1970, inda ake noman rani kuma ake ganin zalɓe da kirinjijiya da zakaran ƙeƙuwa a bakin ruwa. A nan ne mai kishin tsuntsaye yake jin ɗaya ɓangaren maganar, domin manomin shinkafa da gero ba ya kallon jan baki da idon sha'awa: garke guda yana iya share wahalar damina cikin kwanaki, yara suna kwana a rumfar tsaro suna kaɗa gwangwani da majajjawa. Kukan manomi gaskiya ne, kuma ƙungiyar da ta yi kunnen uwar shegu da shi ba za ta samu mai saurarenta ba. Sai dai matsalar tana da tushe da ya kamata a sani. Kogin Watari yana zuba a Challawa, Challawa ta haɗu da Kogin Kano su zama Kogin Haɗeja. Madatsun Tiga na 1974 da Challawa na 1992 sun sauya yadda ruwa yake cika ya janye a fadamun da ke ƙasa, ruwan da ya daina janyewa ya ba ciyawar kacala damar mamaye magudanai, kacala kuma ta zama makwancin jan baki. Feshin guba ta jirgin sama da ake yi masa yana kashe shaho da mujiya da sauran masu cin ɓera da fara tare da shi, saboda haka gyaran magudanai da share kacala sun fi amfani ga manomi da tsuntsu gaba ɗaya.

Daga Bagwai hanya tana fita Bichi, inda Kwalejin Ilimi ta Tarayya take, sa'an nan ta hau titin Katsina zuwa Kano. Ɗaliban wannan kwaleji da na Jami'ar Bayero da malaman sakandaren Shanono sun isa su riƙa zagaya murabba'an yankin sau biyu a shekara, da hunturu da kuma damina, in an ba su horo na 'yan kwanaki da madubin hangen nesa. Abin da ake jira daga NCF da cibiyar Jos shi ne ɗan littafin gane tsuntsaye mai hotuna da sunayen Hausa, wanda za a tattara sunayensa daga bakin dattawa da maharba tun suna raye, da kuma shigar da malaman gona da limamai da sarakunan noma cikin aikin. Manomin Shanono kuwa roƙon da ake yi masa ɗaya ne, kuma amfaninsa a rumbunsa zai fara bayyana: idan ya zo sharar gona bana, ya tsallake tsiron gawo.